Kafin in taya motar da ta daɗe a kwance

Sana'ata sayen motocin da masu su suka manta da su. Ina da ɗan gareji a Agege, cikin Legas, ni da bakanike guda da fanal-bita da yara masu koyon aiki, mai wayarin kuwa sai mun kira shi yake zuwa. Ba ma harkar tokumbo, wannan ta mutanen kasuwar motoci ta Berger ce. Mu namu tsohuwar Marsandi ce da Fijo 504, jefi-jefi da Volkswagen Beetle, irin waɗanda za ka tarar a bayan gida an lulluɓe da tamfol, tayoyi sun sace sun nutse a ƙasa, kaji sun mai da ƙarƙashinsu makwanci. Mu saya, mu tayar, mu sayar. Wasu mukan ajiye muna ba da haya ga masu shirya fim da ke son nuna zamanin da, ko angon da ya ce shi a irin motar kakansa za a kai shi wurin biki.

Labarin irin wannan mota daga bakin masu gadi yake fitowa. A Ikoyi, da Ikeja GRA, da Surulere, da Yaba, gidaje da yawa ɗan'uwanmu ne a bakin ƙofa, kuma shi ya san abin da ke bayan gida. Sai 'yan gwangwan masu bin unguwa da kura. Su ne abokan tserena, don in na yi nawa, motar da ta fito fes daga Kaduna a shekarun 1980 za ta ƙare a kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin, an yanyanka ta da wuta an ɗora a sikeli. Duk wanda ya kawo min labari yana da la'adarsa in ciniki ya faɗa, ko bai faɗa ba ba ya rasa na mota.

In na isa gidan, ba motar nake fara zuwa ba. Benci nake nema kusa da maigadi, ko tsohon direban gidan in yana nan. Bayan gaisuwa sai in ce, "Baba, me ya kwantar da ita?" Amsar wannan tambaya rabin aikin ce. In aka ce maigidan ne ya tsufa ya daina fita, ko ya rasu ba wanda ya kula ta, to da lafiyarta ta kwanta, abin da ya same ta zama ne ya jawo. In aka ce a gadar Third Mainland ta yi zafi aka jawo ta gida da igiya, to da ciwonta ta kwanta, kuma ciwon yana nan yana jirana da ƙari. 'Ya'yan gida ba su cika sanin wannan ba, yawancinsu suna makaranta a lokacin ko suna ƙasar waje. Direba ne ya sani, kuma in ka girmama shi zai faɗa maka har bakaniken da ya taɓa buɗe injin.

Daga nan sai in shimfiɗa kwali in kwanta a ƙasa da tocila. Masu saye na sha'awa bonet suke fara ɗagawa. Ni inji bai dame ni ba sosai, don inji ana gyarawa, in ya ƙi a ɗauko wani a kasuwar kayan mota ta Ladipo a ɗora. Jikin mota ne ba a sauyawa. Legas kuma gari ne mai cin ƙarfe: ga danshi shekara cur, ga iska mai gishiri daga teku, ga damina mai tsawo. Fijon da ta shekara goma sha biyar a kwance a Kano ko Katsina za ka same ta fenti ya ƙone, gaban mota ya tsattsage da rana, robobi sun bushe, amma ƙasanta garau. Ƙanwarta da ta yi rabin wannan zaman a Lekki tana iya sheƙi daga sama, ka sa sukudireba a ƙasanta ya wuce zuruf.

Kowace mota da inda tsatsa ke fara kama ta. Marsandi W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, ana duba ta ne a ramukan da ake sa jak a gefe, da ƙarƙashin batir, da bakin tayoyi, da ramin safaya a but. Akwai kuma magudanun ruwa kusa da inda bonet ke maƙale. Ganye yana toshe su, ruwa ya taru ya ci ƙarfen, ya riƙa zubowa cikin mota ta wajen ƙafar direba. Shi ya sa tamfol da inuwar bishiya, da mutane ke ɗauka gata ne suka yi wa mota, su ne suke kashe ta. Tamfol yana riƙe gumi, bishiya tana zubo ganye.

Akwai wata Marsandi 230E da na je gani a Surulere, ruwan toka, a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Daga waje ba ka ce komai ba, har tambarin tauraron nan yana tsaye a kan hanci. Da na buɗe ƙofa sai wari ya buge ni, irin na ɗakin da ruwa ya kwana a ciki. Na ɗaga kafet ɗin gefen direba, soson da ke ƙasa ya jiƙe sharkaf, na matsa shi ruwa mai jan ƙasa ya biyo yatsuna. Na ɓamɓare shi sai ga ciyawar tsakar gida ina hange ta cikin rami. Yarona ya leƙo ya ce, "Maigida, ai walda ce kawai." Na ce masa ya kawo mayen ƙarfe. Muka naɗe shi a ƙyalle muna bin ƙasan ƙofofi da shi. A sama yana kamawa, da an sauko kusa da bakin taya sai ya zame ya faɗi, alamar ba ƙarfe a wurin, fila ce aka cika aka shafe da fenti. Ashe tun kafin ta kwanta an riga an yi mata kwaskwarima a kan ruɓa. Walda tana son lafiyayyen ƙarfen da za ta kama. In wurin da ƙafar baya ke ɗaure da jikin mota ya ruɓe, kuɗin da za ka zuba ya wuce abin da motar za ta taɓa yi a kasuwa.

Ambaliya ma tana barin shaida. Unguwannin da ruwa ke shiga gida duk damina, nakan duba layin dogon da kujera ke tafiya a kai, da cikin fitilu, da bayan allon ƙofa. In na ga busasshen taɓo ya ja layi a tsayi ɗaya ko'ina, na san iyakar inda ruwa ya kai. In ya wuce kujera, wayoyi da giya duk sun sha.

Sai bayan wannan nake zuwa inji, kuma a nan ne nake yawan samun saɓani da masu gida. Ɗan mai motar zai ce, "Alhaji, a kawo batir mana a tayar, ka ji ƙararta." Nakan ce, "Ranka ya daɗe, in muka tayar da ita yanzu, ni da kai duka muka yi asara." Injin da ya shekara da shekaru bai juya ba, baƙin mai ya gama tsiyayewa ƙasa, sama a bushe take, zoben fistin kan manne da bango. Ka murza makulli ƙarfe ya goga ƙarfe, a minti guda ka lalata abin da zama bai lalata ba. Abin da muke yi shi ne mu zaro sandar awon mai mu gani. Baƙi ba laifi. In ya yi fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya haɗu da mai, ko gasket ya ƙone ko kan inji ya tsage. Mu buɗe lagireto mu ga ko tsatsa ce a ciki ko mai yana yawo a sama. Sannan mu cire fulogai, mu ɗiga ɗan mai a kowane rami, mu ba shi lokaci, mu sa babbar sufana a kan fulin gaba mu juya da hannu. In ya zagaya sumul, da sauran rai. In ya cije, ban fasa ciniki ba, amma kuɗin wani inji ya shiga lissafi.

Man da ke tanki kuwa ba a yarda ya kusanci inji. Tsohon fetur yana zama danƙo, warinsa ma irin na fenti ne. Daga jarka muke ba ta sabo. Mai kafireto, irin Fijo da Marsandi 200, ba ta da wuyar sha'ani, a wanke a mayar. 230E ce mai ƙyanƙyami, don tana amfani da tsarin feshin mai na Bosch da ake kira K-Jetronic, ɗan datti kaɗan yake toshe shi, kuma masu iya saita shi a garin nan sun tsufa, yaran yanzu kwamfuta suka sani. Marsandi masu dizal, 240D da 300D, sun fi kowa haƙuri da zama. Sai dai zuƙar iska ta wasu siraran bututu ce ke tsayar da injinsu in an zare makulli, ita ke kulle ƙofofi kuma, to in bututun nan sun tsage za ka zare makulli mota ta ci gaba da ƙara, sai ka buɗe bonet ka danna wani ɗan hannu da aka rubuta STOP a kai. Beetle ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta, injinta a baya. Ita ana duba farantin ƙasa ne da ƙarƙashin kujerar baya inda batir yake.

Lambar tafiya da ke kan mita ba na kallonta. A W123 da yawa ɗan haƙorin da ke juya ta ya daɗe da lalacewa. Robar feda da sitiyari da kujerar direba sun fi faɗin gaskiya. Birki, da tiyo, da bel, da tayoyi duk sabbi za a sa, ba sai an duba ba. Taya ma tana da amfani guda: lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta mako ne da shekarar da aka yi ta, in kuwa uku ne to kafin 2000 aka yi ta. Da wannan nake gane ko "shekara biyar" da aka ce min ta yi a kwance ta kai ashirin. Ɓeraye kuma sai an leƙa bayan mita an ga ɓarnar da suka yi wa wayoyi. Kada ka sa hannu inda ido bai gani ba, maciji na son tsohuwar mota.

Abin da ke cin kuɗi a ɓoye ƙananan kaya ne. Gilashin gaba, fitilun baya na asali, farin ƙarfen bamba, katakon gaban mota, hannun ƙofa. Fijo da sauƙi. PAN, masana'antar Fijo ta Najeriya, ta fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, kuma ta ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa, don haka abin da Ladipo ta rasa ana samu a kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Matsalarta ita ce samun wadda ba ta taɓa shiga tasha ba, don mai dogon baya yawanci ta sha lodi tsakanin Legas da Arewa har ta gaji. Beetle ma a nan Ojo aka haɗa ta, a kan hanyar Badagry, amma kayanta sun yi ƙaranci. Na Marsandi wasu sai an yi oda daga Jamus, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 kowane ɗan roba sai ka yi lissafi sau biyu. Saboda haka motar da injinta ya cije amma kayan jikinta cif, ta fi min wadda ke tashi amma yaran unguwa sun ɓalle mata fitilu.

Takarda ita ce inda ake shiga uku. Ina goge lambar shasi da buroshi in gwada ta da abin da ke rubuce, harafi da harafi, in duba ko an yi walda a kewayenta. In daga waje aka shigo da motar, ina son ganin takardar kwastam. In mai ita ya rasu, wanda ya fi yawa a harkarmu, ba na ba da ko kafin alƙalami sai na san wa ke da ikon sayarwa. A gidan mutanenmu nakan tambaya ko an raba gado, kuma a kason wa ta faɗa. A sauran gidaje nakan nemi takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci, ko aƙalla manyan 'ya'ya su sa hannu a gaban shaidu. Na san abokin sana'a da ya gama gyara, fenti ya bushe, sai ga babbar 'yar gidan ta dawo daga Ingila da 'yan sanda, ta ce ƙanenta ba shi da hurumin sayar da motar babansu. Wata kuma da za ka gani da sitiyari a dama, kada ka ɗauka ta sata ce ko ta fasa-ƙwauri: sai a watan Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, motocin da suka riga wannan yawanci haka suke. Amma jami'an hanya ba sa yarda da ita a titi, don haka ta ajiya ce ko ta fim, kuma da wannan kuɗin ake taya ta.

Wajen ciniki, masu gida sukan nuno min waya, su ce ga nawa ake sayar da irinta a Amurka. Nakan ce gaskiya ne, amma waccan a ɗaki ta kwana. Ni daga kuɗin da mai gwangwan zai biya a sikeli nake farawa, in ɗora na kayan da ke da amfani a jikinta, in ɗora na lafiyar ƙarfe in akwai. Sau da yawa "albarka" ake ce min, in bar lambata wurin maigadi in tafi. Wasu bayan damina ɗaya suke kira, lokacin motar ta ƙara lalacewa, tayin ma ya sauka.

In an sallama, ba a tuƙa ta ko da ta tashi. Janwe muke kira, mu hura tayoyin in sun karɓi iska, mu bubbuga birkin baya da guduma don yakan manne, yara su tura a hankali. Da asuba muke fitowa, kafin Ikorodu Road ta cushe, da kwafin takardun sayarwa a aljihun direban janwe saboda masu tsayarwa a hanya.