Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarun da Na Yi Ina Bin Keken Thibaut Pinot

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. Makon jiya mun tsaya inda kuɗin tallafin karatuna suka yi jinkiri, na shiga neman aikin hannu a garin Besançon da ke gabashin Faransa, har Allah ya haɗa ni da wani dattijo Bafaranshe mai shagon gyaran keke. Yau zan ɗan ajiye zancen jami'a, in ba ku labarin wani mutum da ban taɓa gaisawa da shi ba, amma yana da hannu a shawarar da ta fi kowace girma a rayuwata.

Hannuna ne ya sa dattijon ya ɗauke ni. A rumfar Baba na tashi a Damagaram, muna faci, muna ɗaure birki, muna miƙe ƙafar keken da ta karkace. Sai dai kekunan tsere wata duniya ce daban. Dokar tseren keke ta ce kada nauyin keke ya gaza kilo 6.8, kuma masu ƙerawa a bakin nan suke tsayawa, har mutum ya ɗaga keke da yatsu biyu. Ina kiran dattijon Maigida, shi kuma yana ce mini yaro.

Ranar Lahadi 8 ga Yuli, 2012, Maigida ya gayyace ni cin abincin rana a gidansa, don a kalli gasar Tour de France, wadda ake kwashe mako uku ana zagaya ƙasar zango bayan zango. Zangon ranar ya tashi daga Belfort, kusa da mu, ya ƙare a Porrentruy cikin Suwizalan. A hawa na ƙarshe wani saurayi ɗan shekara 22 mai suna Thibaut Pinot, wanda ya fi kowa ƙuruciya a gasar, ya cim ma Fredrik Kessiakoff da ke gaba, ya wuce shi. Saura wajen kilomita goma a shimfiɗaɗɗiyar hanya, iska na dukan ƙirjinsa, manyan gasar suna biye. Shugaban ƙungiyarsa ta FDJ, Marc Madiot, ya leƙo da rabin jikinsa ta tagar mota yana dukan ƙofa yana ihu. Maigida ma ya miƙe tsaye, cokali a hannu. Da daƙiƙa 26 yaron ya riga su shiga.

"Yaro, ka riƙe sunan nan," in ji Maigida. "Ɗan Mélisey ne, ɗan gidanmu ne."

Sai daga baya na fahimci nauyin maganar. Tun da Bernard Hinault ya ci gasar a 1985, babu Bafaranshen da ya sake cin ta. Ƙasar da ta ƙirƙiro gasar tun 1903 ta koma 'yar kallo a gidanta. Duk yaron da ya nuna ƙafa a kan dutse, sai a ɗora masa wannan kaya gaba ɗaya. Pinot ya gama na goma a shekarar, kayan kuma suka sauka a kansa. A 2013 ya fito fili ya ce gudun gangara yana ba shi tsoro, ya bar gasar kafin a kai Paris. Wasu masu kawo mana gyara suka yi ta yi masa dariya. Ni kuwa a nan ya fara shiga raina. Mutumin da ke saukowa daga dutse a gudun da ya kai kilomita 80 a awa, ba abin da ke tsakaninsa da kwalta sai riga mai shara-shara da hular kwano, in ya ce yana jin tsoro gaskiya ya faɗa, kuma ba kowa ke da zuciyar faɗinta a gaban jama'a ba.

Gasar 2014 a cikin azumi aka yi ta daga farko har ƙarshe. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, zangon ya ƙare a La Planche des Belles Filles, dutsen da ke bayan ƙauyen su Pinot. Maigida ya ɗauke ni a motarsa tun da sassafe, muka ajiye ta can nesa muka hau da ƙafa. Hawan bai cika kilomita shida ba, amma ƙarshensa a tsaye yake, ko mai tafiyar ƙasa sai ya dafa gwiwa. Azumin bazara a can yakan kai awa goma sha takwas, rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare. Mutanen da muka zauna kusa da su suka yi ta miƙo mini cuku da burodi. Da Maigida ya gaya musu ina azumi, wata tsohuwa ta naɗe rabona a takarda ta ce in ajiye sai magariba. A rediyon wani muka ji Alberto Contador na Sifaniya, ɗaya daga manyan gasar, ya faɗi ya karye a ƙafa, ya fita. Can sai ga Vincenzo Nibali na Italiya shi kaɗai, bayansa kaɗan sai Pinot, baki buɗe, yana jijjiga keken hagu da dama. Ƙarar da dutsen nan ya yi ban taɓa jin irinta ba. Na tsinci kaina ina kiran sunansa da busasshen maƙogwaro, kuma ranar ce ta farko da na ji ba a matsayin baƙo nake tsaye a ƙasar ba. Ya gama gasar na uku, bayan Nibali da Jean-Christophe Péraud, ya kuma ɗauki farar rigar da ake ba gwarzon matasa. Washegarin ranar da aka rufe gasar muka yi sallar idi.

Shekarun da suka biyo baya, nasara da rashin lafiya suka riƙa karɓa-karɓa da shi. Ya ci zangon dutsen Alpe d'Huez mai lanƙwasa 21 a gasar Tour ta 2015. A 2017 ya zo na huɗu a gasar Giro ta Italiya. A Giro ta 2018 yana matsayi na uku, saura kwana biyu a gama, jikinsa ya ƙi, aka kwantar da shi a asibiti da ciwon huhu. Kafin shekarar ta fita ya ci zango biyu a gasar Vuelta ta Sifaniya, sannan a watan Oktoba ya tsere wa Nibali ya ci Il Lombardia, ɗaya daga manyan tseren yini ɗaya guda biyar na duniya.

Ni a lokacin na gama karatu, na zama cikakken ma'aikaci a shagon. Duk Juma'a ina kiran Baba, kuma da yake shi ma mutumin keke ne, labarin Pinot ya zama abin hirarmu. Na gaya masa abokan tserensa da yawa sun koma Monaco da Andorra da zama, shi kuwa yana nan Mélisey inda mahaifinsa Régis yake magajin gari, yayansa Julien ne ke horar da shi, bai taɓa sauya ƙungiya ba, kuma in ya dawo daga tsere awakinsa da tumakinsa yake fara dubawa. Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "To kai fa? Shi da duniya ta san shi bai bar garinsu ba. Kai yaushe za ka zo ka duba namu?"

Na ce, "Baba, a ƙara mini haƙuri, ina nan tafe."

Ya ce, "Allah ya kawo ka muna da rai."

Sai 2019, shekarar da har yau mutanen yankin ba sa son a tayar da ita. Pinot ya shigo da ƙarfin da ba a taɓa ganinsa da shi ba. A hanyar Albi iskar gefe ta raba ayarin gida-gida, ya makale a baya, ya yi asarar minti ɗaya da daƙiƙa 40 a fili inda babu ko tudu. Maimakon ya karaya, ranar 20 ga Yuli ya ci zangon Tourmalet, a tsayin mita 2,115, shugaba Emmanuel Macron na wurin. Washegari ya sake barin Egan Bernal da Geraint Thomas a baya a kan dutse. Julian Alaphilippe, shi ma Bafaranshe, ke sanye da riga mai ruwan ɗorawa ta jagoran gasa, amma masu idon sana'a sun san Pinot ne ya fi kowa ƙafar hawa. Maigida, wanda bai yarda da yin alkawari kan abin da bai zo ba, ya ce in aka ci zai rufe shago mu tafi Paris.

Ranar Juma'a 26 ga Yuli na dawo daga masallaci na tarar da Maigida tsaye gaban talabijin ɗin shago, sifana a hannu. Pinot yana can bayan ayari, likita na naɗa masa bandeji a cinyar hagu. Tsoka ce ta yage. Ya yi ta ƙoƙarin taka feda, ƙafar ta ƙi. Abokinsa William Bonnet ya dawo baya ya rungumo kafaɗarsa suna tafe a hankali, Pinot yana kuka, har ya sauka ya shiga mota. Yana matsayi na biyar, tsakaninsa da na ɗaya minti ɗaya da daƙiƙa 50, saura kwana biyu a shiga Paris. Can da yamma ƙanƙara da zaftarewar ƙasa suka tare hanyar Tignes, aka tsayar da zangon, Bernal na Kolombiya ya karɓi rigar, shi ya kuma ci gasar. Wasu na cewa ko da Pinot bai ji ciwo ba, ba lallai ya ci ba. Ni na ga yadda ya hau Tourmalet, kuma har gobe ina ganin shekararsa ce.

Maigida ya kashe talabijin, muka koma kan keken da ke rataye muna sa masa sarƙa. Muna cikin aikin na ce masa, "Maigida, mahaifina ya tsufa, ina son in koma gida." Bai ɗago ba, ya ce, "Na san za ka faɗa wata rana, yaro. Ka bari mu fita daga bazara, in samu wanda za ka koya wa aikin."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za ku ji yadda annobar korona ta riƙe ni a Besançon fiye da yadda muka shirya, da abin da Maigida ya sa mini a akwati ranar da zan kama hanyar Yamai.