Abin da Sikelin Riɗi Ya Koya Mini Game da Haɗa 'Yan Dambe

Aikina koyar da darasin motsa jiki ne a wata sakandaren ƙauye a ƙasar Ringim, kuma idan kaka ta yi aka kai amfanin gona gida, samarin da ke sha'awar dambe sukan neme ni in tsaya musu a wajen atisaye. Wannan ne ya sa na shiga bibiyar tarihin damben zamani na hannu da ƙafa, domin in sami amsar gardamar da ba ta ƙarewa a dandali, wato ko girman jiki ne ke kashe abokin karo, ko kuwa iyawa da dogon numfashi.

Gasar K-1 da aka kafa a Japan a 1993 ta fi kowace amfani ga mai wannan bincike, saboda babban rukuninta ba shi da iyakar nauyi. A 2002 Bob Sapp, Ba'amurken da ya haura kilo 150 kuma bai daɗe da shiga sana'ar ba, ya doke Ernesto Hoost na ƙasar Holan har sau biyu, alhali Hoost ya riga ya ɗauki kambun gasar sau uku. Sapp bai fi shi sanin komai ba, tura shi kawai ya yi zuwa kusurwa ya rufe shi da duka. Sai dai a karo na biyu ya fito da rauni a hannu, ya kasa ci gaba, aka mayar da Hoost gurbinsa, shi kuma ya cinye gasar shekarar.

Samarinmu sun fi son wani labarin. Kusan kowa yana da bidiyon Kaoklai a wayarsa, ɗan ƙasar Tailan da bai kai kilo 80 ba, wanda a 2004 ya daka tsalle ya shuri ƙaton nan Mighty Mo a ka, ya zubar da shi. Nakan tuna musu cewa a shekarar da ta biyo baya Kaoklai ɗin ya sha kaye a hannun Choi Hong-man na Koriya ta Kudu, mai tsawon mita 2.18, kuma mutumin da ya mamaye gasar bayan nan shi ne Semmy Schilt, mai mita 2.12, wanda ya ɗauki kambu a 2005 da 2006 da 2007 da 2009. Schilt ƙato ne da ya ƙware, ga shi ba ya saurin gajiya, kuma idan waɗannan suka haɗu a jikin mutum ɗaya, ƙaramin ɗan wasa ba shi da ƙofar shiga. Nasarar ƙarami a kan babba tana yawo a waya ne saboda ba kasafai take faruwa ba.

Raunin babban jiki yana wajen numfashi, domin kowace tsoka tana neman rabonta na iska. Na koyi gane lokacin da ƙato ya fara ƙarewa tun kafin 'yan kallo su farga: hannun garkuwa yana sauka daga fuska zuwa ƙirji, baki yana buɗewa, duga-dugai suna mannewa a ƙasa, sannan ya riƙa neman rungumar abokin karo don ya huta a kansa. Matsalar ita ce sai ƙaramin ya tsira daga turmin farko kafin ya ci moriyar wannan gajiya, kuma dambenmu ya fi na waje tsanani ta wannan fuska, tunda da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, babu ƙirga goma balle mutum ya miƙe ya rama.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bambancin ƙarfin noma da numfashin fage. Saurayin da zai wuni yana huɗa ba tare da ya zauna ba, sai ka ga minti biyu na kai duka da kaucewa sun sa yana haki kamar wanda ya kori ɗan akuya. Noma aiki ne na a hankali mai tsawo, dambe kuwa ƙarfi ne da ake zubarwa gaba ɗaya, a ɗan sarara, a sake zubarwa. Saboda haka nake sa su gudu mai tsanani a kan yashi bayan sallar asuba, da tsallen igiya, minti uku ana yi minti ɗaya ana hutu, irin tsarin turmin K-1. Ƙattin cikinsu ne suka fi ƙin wannan atisaye, su ne kuma suka fi bukatarsa.

A gargajiyance ido ne ma'auni: ɗan dambe ya miƙa hannu ga wanda yake so, wancan ya amsa ko ya ƙi. Gogaggu sun san wanda za su ƙi, amma yaro mai tashe kunyar 'yanmata da zugar makaɗa ba za su bar shi ya ja da baya ba. Shi ya sa nake aro sikelin mai sayen riɗi in auna su, kuma ba na haɗa biyun da tazararsu ta wuce kilo biyar. Wani tsohon ɗan dambe ya taɓa ce mini, "Malam, mu a zamaninmu zuciya muke aunawa." Na ce, "Haka ne, Baba, amma waɗannan gobe da safe suna da aji."

Awo ma yana da nasa haɗarin. A ƙasashen waje 'yan wasa sukan ƙaurace wa ruwa su matse gumi don su sauka ƙaramin rukuni, kuma a Disambar 2015 wani ɗan ƙasar Sin mai shekara 21, Yang Jian Bing, ya rasu a Manila yana cikin wannan rage nauyi. A zafin bazararmu, da yakan haura digiri 40, abin zai fi muni. Don haka dab da shiga fili nake yin awo, kuma wanda na ga leɓensa ya bushe ko ya ce jiri yana ɗibarsa, ba a ɗaura masa zare a ranar.