Daga Kigali Zuwa Tsaunukan Muhanga

Tun kafin in sauka a Kigali aka ja mini kunne kada in shigo da leda, domin Ruwanda ta hana amfani da ita tun 2008. Ni kuwa ba tsaftar birni ta kawo ni ba. So nake in ga da idona yadda ƙasar da kisan kiyashin 1994 ya ɗaiɗaita take kai magani har ƙauyen da mota ba ta shiga.

Daga tashar Nyabugogo na hau bas zuwa Muhanga, hanya ce ta hawa da gangara, ayaba a dama, ayaba a hagu. A gundumar ce kamfanin Zipline ya fara aika jini da jirage marasa matuƙi a 2016. Asibiti ya aiko saƙo, a ɗora jakar jini, jirgin ya tashi ya saki kwalin da 'yar lemarsa a harabar asibitin. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa ba sai ta jira motar da za ta zagaye tsauni ba. Na tsaya ina kallon sama har wuyana ya gaji.

Amma abin da ya zauna mini a rai a ƙasa na same shi. Washegari tafintana ya kai ni wani ƙauye, muka hau tudu da ƙafa, muka iske wata dattijuwa zaune bakin ƙofa da ƙaramin akwati. Tana cikin waɗanda ake kira abajyanama b'ubuzima, wato masu kula da lafiyar al'umma. Mutanen ƙauyen ne suka zaɓe ta a taro, ba wani ofis ya turo ta ba. A akwatin akwai abin gwajin zazzaɓin cizon sauro, ruwan gishiri da sukari na gudawa, da igiyar awon dantsen yaro mai nuna tamowa. Ta san kowace mai ciki a ƙauyen, ta san gidan da ba a rataya gidan sauro ba.

Na ce, "Mama, wanda ba shi da ko sisi fa?"

Ta ce a duba inshorar lafiya ta Mutuelle de Santé, wadda aka fara gwajinta a 1999. Iyali suna biyan kuɗin shekara, marasa ƙarfi kuma gwamnati ke biya musu. Ta ce a da mutum yakan kwanta a ɗaki har ciwo ya ci ƙarfinsa don tsoron kuɗin asibiti, yanzu da sassafe ake ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Abu ɗaya ya tsaya mini a wuya. Ba ta da albashi. Aikin sa-kai ne, sai ɗan abin da ke shigowa ta ƙungiyarsu ta haɗin gwiwa. Matar da ke barin gonarta ta bi dare saboda ɗan maƙwabci, a ganina ta cancanci a biya ta kamar kowane ma'aikaci.

Muna cikin magana wata yarinya ta iso a guje, ta ce jikin ƙanenta ya yi zafi tun daren jiya. Dattijuwar ta rufe akwatinta, ta ba mu haƙuri, ta bi yarinyar suka gangara cikin ayaba.