An sare gawon bakin hanya

Yau da hantsi, tsakanin Gumel da Maigatari, na tarar an kayar da wani tsohon gawo za a yi gawayi. Awaki sun kewaye shi suna tsintar 'ya'yansa. Wallahi sai da na tsayar da babur.

Duk manomi ya san halin gawo. Da damina yake kaɗe ganye, rana ta samu gero, ganyen ya zama taki, shi ya sa hatsin gindinsa ya fi kyau. Da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su samu inuwa da abinci. Mai saran ya ce min rumbunsa ya ƙare, kuma na yarda da shi. Abin da ke damuna, duk faɗin gonar ban ga ƙaramin gawo ko ɗaya yana tasowa ba.