Asabar: dambu, ƙura da jirgin Baba

Babban yatsana na dama zugi yake yi yanzu haka, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Na riga ladan tashi yau, ba don ƙwazon ibada ba, Allah ya yafe mini, tunanin gilashin jirgin Baba ne ya hana ni barci. Yau ce ranar musayar kyauta a tsakaninmu, mu bakwai da ke fama da ciwon ƙera ƙananan jirage a nan Zariya. Wata biyu ke nan da muka rubuta sunaye a 'yan takardu, muka zuba a hula, kowa ya sa hannu ya ɗauki ɗaya. Sharaɗi biyu muka gindaya: kada ka faɗi wanda ka ɗauka, kada kuma ka shiga kasuwa ka sayo sabon abu. Ko ka yi da hannunka, ko ka fito da abin da ke kwance a durowarka. Abin da ya faru bara ne ya jawo haka. Wani ya kawo sabon kwalin sassan ƙaramin jirgin yaƙi Spitfire na kamfanin Airfix da aka aiko masa daga Ingila, wanda ya karɓa kuwa abin da ya tanadar wa nasa mutumin farfela biyu ne da batir da ya sha jiki. Har muka watse bawan Allah bai ƙara ɗaga kai ba.

Ni da na warware takardata sai na ga Baba. Na ce to, an zo wurin.

Baba ya haura saba'in. A Kaduna ya yi aiki, a wurin da aka harhaɗa Air Beetle, ɗan jirgin nan mai kujera biyu da sojojin sama suka yi amfani da shi wajen koyar da tuƙi. Asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's da ke Amurka, aka kawo sassansa na jirage 60 aka haɗa a gida. To me za ka ba mutumin da ya ɗaure kusoshin na gaske? Na kwana uku ina juya abin, daga ƙarshe na ce ƙaramin Air Beetle ɗin zan yi masa, in ya so ya zage ni.

Ba a sayar da shi a kwali, don haka zanen RV-6A na samo na bi. Faɗin fukafukansa kamar mita 7 ne, na rage shi zuwa kashi 1 cikin 24, ya dawo santimita 29, bai kai rula ɗaya ba. Da guntayen balsa da suka rage mini na yi gangar jikin, itacen nan mara nauyi da akasarinsa daga Ekwado ake kawo shi. Mako bakwai ina sassaƙa ina gogawa da samfefa. Inda ya yi rami sai in cike da sufa gulu da bekin soda, su daskare nan take kamar dutse. Sodar ta Uwargida ce, kuma har zuwa safiyar yau ban san ta sani ba.

Komai ya kammalu sai gilashin da ke rufe matuƙi. Yadda ake yi shi ne ka sassaƙa katako daidai siffar da kake so, ka yanke gorar lemo ka tura katakon ciki, ka nuna wa wuta. Robar takan tsuke ta kama katakon tsam, sai ka yanke abin da kake buƙata. A baki ke nan. Gora huɗu na lalata a daren jiya a kan gas. Ta farko ta yi fari fat kamar an shafa mata alli, ta biyu ta yamutse gefe guda, sauran biyun ma kada a yi maganarsu.

Da gari ya waye na shiga kicin da gora ta biyar, na tarar Uwargida ta riga ni. Ita ke da alhakin abincin taron bana, dambu kuma ta ce za ta yi, ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta wanke tsakin shinkafa ta tsane shi a rariya, ta hura gawayi a kurfoti a tsakar gida, ta ɗora tukunya da madambaci a kai, ta naɗe mahaɗarsu da tsumma don kada tururi ya tsere. Sanyi ake yi mai shiga ƙashi, hazo ya rufe har ba a ganin bishiyar darbejiyar maƙwabta sosai.

Na tsuguna gefen kurfotin na fara kara gorata. Ta dube ni ta ɗan jima.

"Malam, wai ƙona ta kake so ka yi ko gasawa?"

Na ce so nake ta tsuke.

"To ai ba a yi wa wuta haka. Ka cusa ta a harshen wuta, ka tsaya wuri ɗaya. Kawo."

Ta karɓa, ta ja garwashi kaɗan gefe da ƙarfen tonon wuta, ta ɗaga gorar sama da su kamar tafin hannu guda, tana juya ta sannu a hankali kamar mai gasa ɗanyar masara. Ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Ina kallo robar ta fara motsi, ta bi katakon daga gaba zuwa baya ta kwanta luf, ba fari, ba yamutsi, garau kamar ruwa. Duka-duka bai fi minti biyu ba. Ta miƙo mini ta koma kan madambacinta, ni kuma don zumuɗi na cafke wurin da bai huce ba. Nan yatsa ya samu rabonsa.

Ta sauke turarin farko ta juye a babbar roba, ta wargaza tsakin da cokali yana hayaƙi. Ta zuba zogale, albasa mai yawa, attaruhu, dakakkiyar gyaɗa, gishiri da magi, ta cuɗa, ta mayar madambaci don turari na biyu. A wannan turarin ne ƙamshin ke fita, har Auta ya taso daga barci yana murza ido. Ni dai ina ɗaki ina yanke gilashi da reza, hannu na rawa. Na manna shi da farin gam, domin sufa gulu na sa irin wannan robar ta yi hazo. Na taɓa fenti a wurare biyu da suka goge, sannan na kifa masa murfin babbar kularta. Duk wanda ya taɓa yin fenti a hunturu ya san dalili: ka juya baya minti biyar, ka dawo ka tarar ƙura ta zauna a kai kamar an barbaɗa gari. Da ta zo neman murfin na ce ta ba ni rabin awa. Ba ta ce komai ba, amma na ji yadda ta ajiye ludayi.

Bayan azahar muka haɗu a wata gona da aka girbe can bayan Shika, da izinin mai ita. Nesa muke zuwa da gangan. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana nan Palladan tun 1964, ƙananan jiragenta na shawagi a kan gari, ba mai hankalin da zai saki abin wasansa kusa da hanyarsu.

Tashin jirage bai yi armashi ba yau. Iska na kaɗawa daga arewa maso gabas, ga hazo, in jirgi ya ɗan yi nisa sai ya ɓace maka. Wanda muke kira Injiniya ne kaɗai ya yi ƙarfin hali da farin jirginsa na soso. Ya manta cewa ya canza batir ya sa ƙarami, bai kuma ɗora jirgin a kan yatsu ya gwada ba. Ka'ida ita ce ka tallafe shi a ƙarƙashin fukafuki, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaba, ka ga ya tsaya daidai ko hanci ya ɗan sunkuya. Nasa wutsiya ce ta rinjaya. Yana sakinsa ya ɗaga hanci sama kamar ingarma, ya tsaya cak, ya juyo ya nutse cikin tarin kara. Yaran ƙauyen da suka kewaye mu suka kwasa da gudu suna ihu, suka dawo da shi gida biyu. Injiniya ya ce iska ce. Muka ce haka ne, iska ce.

Da aka yi la'asar muka shimfiɗa tabarma a gindin wata ɗorawa aka fara miƙa kaya. Wani ya samu filaya da ƙananan sukundireba, wani ya samu injin da aka sake naɗa masa waya da hannu. Malamin makarantar cikinmu ya ce shi durowarsa ba komai sai takardun jarrabawa, don haka kwalbar yajin ƙuli ya kawo, dakan mahaifiyarsa. Injiniya ne ya samu, kuma na ga ya fi murna da ita a kan a ce sabon batir aka ba shi.

Sai aka zo kaina. Na miƙa wa Baba kwalin takalmi da hannu biyu. Ya buɗe, ya yi shiru. Ya ciro tabarau daga aljihu ya saka, ya ɗaga jirgin daidai idonsa, ya duba ta gaba, ya duba ta ƙasa, ya juya shi ya leƙa wutsiya.

"Malam, ƙafar gaban nan ta yi tsawo."

Na ce na'am, Baba.

"Kuma bakin fiffiken ya yi kauri. Namu bai kai haka ba."

Na ce Allah ya huci zuciyar Baba, za a gyara.

"A'a, kada ka taɓa shi." Ya sa farcen ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa gilashin a hankali. "Amma wannan, wannan ya fita. Haka yake zaune a kan na gasken. Wa ya koya maka?"

Mutum shida na kallona. Na ce a gida aka taimaka mini. Aka fashe da dariya, domin duk sun san wace ce gidan. Baba bai yi dariya ba. Ya mayar da jirgin kwali, ya cire rawanin da ya yafa saboda sanyi ya naɗe kwalin da shi, ya ajiye a cinyarsa. Har muka tashi bai sauke shi ƙasa ba, da hannu ɗaya ya ci abinci.

Nawa rabon daga ƙaraminmu ya fito, yaron da ke koyon gyaran waya a unguwar PZ. Tun da muka zauna yake ɓoye wata baƙar leda a bayansa. Ya miƙo yana cewa, "Kawu, ka yi haƙuri, ba wani abu ba ne." Jirgi ne mai fiffike biyu, sama da ƙasa, na karan dawa zalla. Totuwa ya fere ya yi gangar jiki, ya tsaga ɓawon karan ya yi haƙarƙarin fukafukai, ya sa tsinken tsintsiya a matsayin sandunan da ke tsakaninsu, ya ja zaren ɗinki ya gicciya kamar wayoyi. Ba gam ko ɗigo, duk soke-soke ne. Ashe ya riƙe labarin da na taɓa ba su na jirage uku samfurin DH.9A na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, ya je ya nemo hotonsu a wayarsa ya kwaikwaya. Har kujeru biyu ya huda.

Rabona da riƙe jirgin kara tun ina firamare, lokacin da muke bin gonaki bayan girbi muna zaɓen kara mai kauri, ɓawonsa na yanka mana yatsu. Na so in faɗa masa haka, sai na ji maƙogwarona ya toshe, na ce masa kawai ƙafafun sun fi nawa daidai.

Dambu kuwa ba a bar ko ƙwaya ba. Uwargida ta haɗo da soyayyen man gyaɗa da albasa a kwalba daban, kowa ya zuba son ransa, yajin Injiniya ma a nan aka buɗe shi aka ci kusan rabi yana kallo. Gardama ta tashi a kan ko da rama ya fi daɗi ko da zogale, Baba ya ce duk wanda ya ce rama bai ci wannan ba, aka rufe maganar.

Na shigo gida bayan isha'i da kula fayau. Auta ya ga jirgin kara ya ce nasa ne, na ɗora shi can saman kabad inda hannunsa ba ya kaiwa. Na gaya wa Uwargida cewa a duk aikin mako bakwai, gilashinta kaɗai Baba ya yaba. Tana goge madambaci, ba ta ko juyo ba.

"Madalla. Gobe in ka fita ka sayo mini bekin sodar da ka ƙarar."

Ta ba ni man kaɗanya na shafa wa yatsan.