Abin da darasin shawara ya koya mini a ajin Turanci

A karon farko da na koyar da ɗalibai 'yan shekara 14 zuwa 16 yadda ake neman shawara da bayar da ita da Turanci, na ɗauka aikin bai wuce jera ƙa'idojin nahawu a kan allo ba. Na nuna musu cewa aikatau yana biyo bayan "should" ba tare da "to" ba, alhali "ought" ba ta tafiya sai da ita. Na jaddada cewa "advice" suna ne da ba a ƙirga shi, don haka babu "an advice" kuma babu "advices", kuskuren da mai jin Hausa yake saurin faɗawa ciki domin mu muna da shawara, muna kuma da shawarwari. Suka cike gurabe a takardar gwaji daidai, ni kuwa na tafi ina ganin na gama.

Mako na gaba na ce musu kaina yana ciwo saboda duba takardu, su ba ni shawara. Wani yaro mai ladabi ya miƙe ya ce, "You had better go home." A zuciyarsa yana nufin, "Malam, gara ka je ka huta," wadda magana ce ta tausayi, amma a kunnen mai jin Turanci "had better" gargaɗi ce, tana ɗauke da cewa idan ba ka yi ba wani abu marar daɗi zai biyo baya. Nahawunsa ba shi da aibi, laifin nawa ne, domin na koya musu kalmomin a jere kamar duk nauyinsu ɗaya. A ranar na ja layi a kan allo, na sa "must" da "had better" a ɓangaren umarni da gargaɗi, "should" a tsakiya, sannan "you could", "why don't you" da "if I were you" a ɓangaren lallashi. Na tambaye su wacce za su faɗa wa ƙanensu, wacce kuma za su faɗa wa wanda ya girme su, sai suka gane nan take, saboda wannan bambanci sun riga sun san shi a harshensu.

Duk da haka darasin bai yi armashi ba muddin muna aiki da matsalolin da ke cikin littafi, irin su wani ya ɓatar da jakarsa ko ya makara. Da na ce kowa ya faɗi damuwarsa ta gaskiya, ajin ya yi tsit, kuma da gaskiyarsu, domin matashi ya fi tsoron dariyar tsararrakinsa fiye da faɗuwa jarrabawa. Sai na kawo kwali, kowa ya rubuta damuwarsa ba tare da suna ba ya jefa. Na tafi da takardun na karanta, na sake buga su a kwamfuta domin sun san rubutun hannun juna, na kuma ware guda ɗaya wadda nauyinta ya fi ƙarfin aji na kai wa malamar da ke kula da walwalar ɗalibai. Sauran sun shafi raba dare a kan waya, da abokin da kullum yake kwafar aikin gida, da fargabar yin magana a gaban jama'a.

A nan ne na ga wani giɓi da littafin bai kula da shi sosai ba. Ɗalibai suna saurin yanke hukunci tun kafin su fahimci matsalar, kuma wanda aka ba shawara bai san yadda zai ƙi ta cikin mutunci ba. Na sa doka cewa sai an yi tambaya biyu kafin a ba da shawara ɗaya, kamar "Have you tried talking to him?", na kuma koya musu amsa irin "I've already tried that." Na daina katse su idan sun yi kuskure, ina rubutawa a gefe, mu duba tare a minti 10 na ƙarshe.

Takardar mai fargabar magana ce ta fi ɗaukar lokaci. Bayan an yi ta kawo shawarwari, wata yarinya da ban taɓa jin muryarta da Turanci ba ta ɗaga hannu ta ce ita da za ta fara gwadawa ne a gaban mutum ɗaya tak. Ta manta da "would" a jimlar, na rubuta a gefe, ban kuma karanta shi ba da muka zo duba kurakurai.