Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Motar da ta mutu a hanya ta ƙi tashi

Assalamu alaikum. A makon jiya na ce zan ɗora daga shekarun da muka yi a tsohon gareji kafin a yaye mu, amma wata maganar marigayi Oga ta hana ni sakat, dole in sauke ta tukuna. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. In aka jawo motar da ta mutu a hanya, yaro ya zabura ya ɗauko sifana, sai ya ce, "Ajiye. Ka tambayi direba yadda ta mutu?" Masu cewa mu tsofaffin kanikawa ba mu san motar kwamfuta ba, su karanta wannan kashin da kyau.

Yadda mota ta mutu shi ne rabin binciken. Wadda ta fara fizga, ana taka totur ba ta amsawa, ta shaƙe ta sake ta kuma shaƙewa sannan ta tsaya, mai ne ba ya isa wurin inji. Wadda ta ɗauke farat ɗaya kamar an murɗe makulli, ka nemi wuta ko tayimin bel. Idan kuwa direba ya ce fitilar batir ta kama a dashbod tun daga Zariya, fitilun gaba suka yi ta dushewa, rediyo ya ɗauke, sannan mota ta tsaya wajen Kwanar Dangora, to altanato ne ya daina caji, motar ta cinye abin da ke cikin batir. Wadda allurar zafi ta haye, ƙarfi ya ragu, aka ji ƙauri, kada ma a sake murɗa mata makulli sai ta huce an duba ruwa da baƙin mai. In baƙin man ya koma ruwan madara, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai.

Bayan tambaya sai kunne. Ka murɗa makulli ka saurara, kada ka wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 a murɗa ɗaya, ka bar kik ya huta kafin ka sake, don yawan murɗa ne ke ƙona shi ya kuma tsotse batir. Idan inji bai juya ba, sai ƙas ƙas kake ji, fitilun dashbod suna dushewa, fara da kan batir. Ka girgiza tamina da hannu, in ta motsa ko ta yi farin gari, a kankare a ɗaure. Ka bi wayar at, wato wadda ta fito daga kan batir mai alamar ragi (-), har inda ta kama jikin mota da jikin inji, don ta sha ruɓewa a ciki alhali fatarta lafiya lau. Sannan mita mai auna ƙarfin wutar batir. Cikakken batir yana nuna 12.6, wanda ya sauka zuwa 12.2 ya kai rabi, kuma lokacin da ake murɗa makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In an tayar da motar da wani batir, mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5, altanato na caji. In ta tsaya a 12 da ɗoriya, duba fambel kafin ka yanke wa altanato hukunci.

Ga abin da yara da yawa ba sa lura da shi. Kik ba ya kashe motar da ke tafiya, aikinsa tayarwa kawai. Don haka motar da ta mutu tana gudu, batir cike, amma inji ya ƙi juyawa, ba kik za ka fara kwancewa ba. Ka cire giya, ka sa sifana a kan notin kuranshaf ka gwada juya injin da hannu. In ya cije ko kaɗan bai motsa ba, injin ya kama, kuma duk ƙarin murɗa makulli ɓarna ce a kan ɓarna. Haka wadda ta mutu cikin ruwa da damina. In ruwa ya shiga silinda ba ya matsuwa, ka tilasta mata sai sandar fistin ta lanƙwashe. A cire fulogi duka, a juya inji ruwan ya fita, a duba filtar iska da baƙin mai, sannan a yi maganar tayarwa. Mai otomatik kuma ya tabbatar giya na kan P ko N, kuma ba a tayar da ita da turi.

To, in inji na juyawa amma ya ƙi kamawa, sautin juyin ma magana yake yi. Lafiyayyen inji yana juyawa da ɗan tirjiya, kana jin kowane fistin yana matsa iska. Wanda tayimin bel ɗinsa ya tsinke juyi yake da sauri, sumul, ba tirjiya. Buɗe murfin baƙin mai, wani ya ɗan taɓa makulli, ka leƙa. In kamshaf bai motsa ba, magana ta ƙare, a daina murɗawa. A inji irin na Peugeot 406 mai bawul 16, bel na tsinkewa fistin ke dukan bawul ya lanƙwasa su, sa sabon bel kaɗai ba zai tayar da ita ba, sai an sauke kan inji. Corolla ta 2003 da ƙannenta sarƙa gare su, ba kasafai take tsinkewa ba.

Gwajin wuta ba ya cin minti biyar, amma sai ka ga an tsallake shi an tafi kasuwar Ƙofar Ruwa sayen kaya. Ka cire fulogi ɗaya ka fara duba bakinsa. In ya jiƙe da fetur, mai na zuwa, wuta ce babu. In ya bushe ƙayau bayan duk murɗawar nan, mai ne bai iso ba. Ka mayar da shi kan wayarsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin fulogin, kada ka riƙe da hannu, a murɗa. Shuɗiyar wuta mai ƙara ake nema. Ja mai rauni ko rashinta gaba ɗaya na kai ka ga kwayil, fiyus, ko abin da ke ba kwayil umarni. A zamanin 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin Peugeot a 1975, abin nan kwantak ne da kwandensa cikin distiributa. Ka goge bakin kwantak, ka saita tazararsa milimita 0.4, ka duba rota da murfi ko sun tsage, ka tabbatar wayoyin fulogi na bin 1-3-4-2. A motar yau sensar kuranshaf ce ta gaji wannan aikin. Ita ke gaya wa birenbos, wato kwamfutar motar, inji na juyawa, in ta yi shiru birenbos ba ya sakin wuta, ba ya buɗe nozul. Halinta sananne ne. Inji na yin zafi sai ta ɗauke, mota ta mutu farat ɗaya, a zauna gefen titi kamar rabin awa ta huce, a murɗa ta tashi kamar ba ita ba. A motoci da yawa allurar juyin inji ba ta ko motsi lokacin murɗawa in sensar ta mutu, na'urar bincike kuma takan nuna lambar matsala P0335. Da an tambayi direba yadda ta mutu, shi da bakinsa zai ba da wannan labarin duka.

A nan ne raina ke ɓaci. Motar da sensa ko rile ko wayar at ta kashe, sai a ce wa mai ita birenbos ya ƙone. Ya ci bashi ya sayo, a ɗaura, mota ta ƙi tashi, sai a koma kan famfon mai, daga nan kwayil, har a dace. Wannan caca ce da kuɗin bawan Allah. Birenbos ba ya ƙonewa haka siddan. Ko an haɗa batir a juye wajen jona, ko ruwa ya shige shi, ko an yi walda a jikin mota ba a cire batir ba, ko an sa waya a madadin fiyus. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ka ci gaba da nema a wani wurin. Ka kuma dubi fitilar makulli a dashbod, in tana ƙiftawa ta ƙi ɗaukewa, motar ba ta gane makullin ba ne, gwada na ajiya.

Ɓangaren mai kuma kunne ne farko. Murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa, ban da tayarwa, ka kasa kunne wajen tanki. Famfo zai yi ƙugi kamar daƙiƙa 2 ya tsaya. In shiru, duba fiyus, sannan ka musanya rilensa da wani mai lamba iri ɗaya a akwatin, ka duba soket ɗin da ke kan tanki. Wasu Peugeot da Ford suna da maɓallin da ke yanke mai in mota ta daki wani abu da ƙarfi, dannawa kawai yake so. Wani lokaci a bubbuga ƙasan tanki ana murɗawa famfo ya farka, wannan zai kai ka gareji ne kawai, famfon ya gama yayi. Ƙugi ma ba shaida ba ce, don yawancin motocin nozul na son matsin mai wajen "bar" 3 a ma'aunin geji, gajiyayyen famfo ko filtar da ta toshe ba sa kai haka, sai an sa geji a gani. Gwaji mai sauƙi shi ne a ɗan fesa maganin wanke kafireta a bakin shigar iska. In ta kama na ɗan lokaci ta mutu, wuta da tayimin lafiya suke. Kada a tsiyaya fetur a wurin, wuta na iya dawowa ta baya ta kama fuska, kuma kada a sa yaro ya zuƙi mai da baki.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutuwar famfo ta yawaita a hannunmu, don mutane na yawo da lita biyu uku a tanki. Man da ke cikin tanki shi ke sanyaya famfon, in ya yi ƙasa famfo na zafi yana kuma zuƙar dattin gindi. Ga allurar mai da ke ƙarya a tsofaffin motoci, ta nuna kwata alhali tanki ya bushe. Kullum ka tambayi direba inda ya sha mai na ƙarshe. Ba mu manta da gurɓataccen fetur mai methanol da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ba, kuma man galan na bakin titi kan zo da ruwa ko kananzir. Tsiyayi kaɗan a kwalba mai haske ka ajiye, ruwa zai kwanta a ƙasa. In haka ne sai an sauke tanki an wanke an canza filta.

Hiace mai gas, wato dizal, ba ta da fulogin wuta, nata yawanci iska ce ta shiga layi bayan mai ya ƙare ko tiyo ya tsage. A danna famfon hannu da ke kan filta har ya yi tauri, a sassauta notin bututun nozul ana murɗawa har kumfa ta ƙare, a ɗaure. A kuma saurari ƙas ɗin solonoyid da ke jikin famfon gas in an murɗa makulli, in babu, wuta ba ta kai masa ba ko ya mutu.

Oga bai taɓa riƙe na'urar bincike ba har ya koma ga Allah, amma ko yau na jona ta, sai na fara yi wa direba tambayarsa, don na'ura da'irar da ta samu matsala take nunawa, ba ta bambance mutuwar sensa da wayar da ɓera ya ci. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma kan maganar yaye, da abin da ya shiga tsakanina da dangin Oga a kan kayan aikin da ya bari.